Sojan da Ya Toshe Rariyar Gidansa

A wani ƙauye akwai wani mutum, tsohon soja, wanda ya gama aikinsa ya ajiye kaki, ya komo gida ya kama fartanya. Ainihin sunansa ma mutane sun manta da shi, yaro da babba Saja suke ce masa. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, ba ya faɗa da kowa, ba ya cin haƙƙin kowa. Ran Lahadi shi ne na fari a majami'a, amma ko da igiya aka ja shi ba zai zauna a gaba ba. Bencin baya yake zama, dab da ƙofa, inda zai ga mai shiga da mai fita. Mutane sukan yi dariya su ce Saja har a gidan Allah gadi yake yi.

Yana da mata mai suna Rifkatu. Sanyin ƙashi ya kama mata ƙafafu, har ta kai daga ɗaki zuwa murhu ma sai da sanda, kuma sai ta huta a hanya. 'Ya'yansu, su Kyauta, sun girma sun tafi birni, saura su biyu kawai. Saja kuwa yana ƙaunar matar nan ƙwarai da gaske. Kowace rana da la'asar yakan ɗumama ruwa ya gasa mata gwiwoyi, ya shafa mata man kaɗanya, yana yi yana mita wai ba ta zama wuri ɗaya.

Da ya tashi gina gida, sai ya kira Korau magini, abokinsa tun suna yara. Aka ja katanga doguwa, aka kakkafa fasassun kwalabe a kanta, aka sa ƙofar ƙarfe mai sakata biyu. Aka yi wa Rifkatu ɗakin soro na ƙasa a gefen da gidan ya yi gangare, domin nan ne kusa da madafa, kada ta riƙa wahalar tafiya. A kusurwar katanga, dab da ɗakin nata, Korau ya bar rariya kamar yadda ake yi a kowane gida, 'yar kafa a gindin katanga wadda ruwan tsakar gida zai bi ya fita.

Saja ya tsaya a kanta ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce, "Korau, wannan ramin fa?"

Korau ya ce, "Rariya ce mana, Saja. Ko ku a bariki ruwa sama yake komawa?"

"Toshe ta."

Korau ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube shi. "Wa zai shigo maka ta nan? Ko ɗan akuya sai ya yi kwana uku bai ci ba kafin ya wuce."

Saja ya ce, "Kai gini ka sani, ni kuwa na san abokin gāba. Ba ta ƙofa yake shigowa ba."

Korau ya ce shi dai hannunsa ba zai yi wannan aiki ba, ya tattara kayansa ya tafi. Saja ya samo duwatsu, ya kwaɓa siminti da kansa, ya toshe rariyar ciki da waje, ya shafe ta sumul kamar ba a taɓa yin ta ba.

To, ba taurin kai kaɗai ya sa shi haka ba, akwai dalili. A lokacin da yake yaƙi a wata ƙasa mai nisa, an taɓa aikensa ya zaga sansaninsu ya dubo inda ke da rauni. Ya zaga, ya ga wani kwalbati a ƙarƙashin tudun da suka yi kariya da shi, matsattse, yashi ya cike rabinsa. Ya ce a ransa mutum ba zai iya bi ta nan ba, ya wuce, bai gaya wa kowa ba. Bayan kwana uku, da tsakar rana, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sojoji suka takure a ƙarƙashin tampol, kowa yana kallon hanya, gama ta nan ake tsammanin hari. Ashe abokan gāba suna ta jan ciki ta cikin kwalbatin nan ɗaya bayan ɗaya, shiru, ba harbi ba ihu, sai da suka taru a cikin sansanin sa'an nan aka farga. A ranar aka kashe Jatau, abokinsa wanda suke ci a kwano ɗaya. Ba wanda ya ɗora wa Saja laifi, domin ba wanda ya san ya ga kwalbatin. Shi kaɗai ya sani, ya kuwa riƙe abin a cikinsa shekara ashirin da biyu, ko Rifkatu bai gaya wa ba. Tun daga ran nan, da zarar hadari ya haɗu sai ya ajiye abinci ya tashi ya kama zaga gida.

Damina ta fari ta zo, ruwa ya taru a tsakar gida ya rasa hanya. Saja ya sa bokiti ya kwashe abin da zai iya, ya watsar ta ƙofa, sauran kuma zuwa gobe ya ɓace. Ya yi murna ya ce, "Ai ga shi nan, ƙasa ta shanye." Gaskiya ne ƙasa ta shanye, sai dai bai tambayi inda ta kai shi ba. Ruwa ya nutse ya bi gangare ta ƙarƙashi, sannu sannu, har ya isa gindin bangon ɗakin Rifkatu, bangon ya shiga sha. A damina ta biyu laima ta hau kamar taƙi guda. A ta uku ta kai gwiwa, wani farin gishiri-gishiri ya feso a jikin yaɓen, ƙasar ta fara yin laushi daga ciki.

Saja bai ga ko ɗaya ba. Mutumin da ba abin da ke wuce idonsa, wanda in kaza baƙuwa ta shigo gidan sai ya san ta wace ce, bai ga bangon matarsa yana ruɓewa ba. Idonsa yana kan katanga, yana kan sakata, yana kan sawun da ke bakin ƙofa. A cikin ɗakin kuwa Rifkatu ta rataye wani babban zane ya rufe bangon, shi kuma ya ɗauka ado ne irin na mata. Ya dai lura tana yawan tari, ƙafafun kuma sun ƙara tsanani, ya ce tsufa ne, ya ƙara yawan man kaɗanya.

Ran nan a tsakiyar damina ta uku, Korau ya bi ta bayan gidan zai tafi gonarsa, ya ga gindin bangon ya yi baƙi. Gabansa ya faɗi. Ya zagayo ya yi sallama, ya kamo hannun Saja ya ja shi har cikin gonar geron da ke bayan katanga. Ya durƙusa a kan kunya ya tona da hannu, ya ɗebo ƙasa mai danshi ya danƙa masa.

Ya ce, "Ka ji wannan? Ruwan shekaranjiya ne ya ratsa har can ƙasa. A nan albarka ne, gero yana sha yana murna. Amma ruwa ba ya zama wuri ɗaya, Saja. In ba ka ba shi hanya zuwa gona ba, zai nemi tasa hanyar a cikin bango. Ba ya buga ƙofa, ba ya ɗaga murya. Ka buɗe rariyar nan yau, ka fitar da baiwar Allah nan daga ɗakin."

Ran Saja ya ɓaci, gama ba mai son a nuna masa bai iya tsaron gidansa ba, balle tsohon soja. Ya karkaɗe hannu ya ce, "Bangon nan kai ka gina shi, kaurinsa kamu biyu. In an yi kaka na duba."

Korau ya ce, "Allah ya kai mu kakar," ya tafi ransa ba daɗi.

Ba a yi mako ba sai marka ta kama. Kwana uku ana ruwa, in ya tsagaita sai ya dawo, tsakar gida ta cika har ƙwauri, bokiti ya kasa. A rana ta uku da la'asar Saja ya ɗumama ruwa kamar kullum, ya ratsa ya shiga ɗakin matarsa. Yana ajiye kwanon sai ya lura da wani abu: gadon da ya kafa da hannunsa a jikin bango, ga shi yanzu kusan a tsakiyar ɗaki. Yana cikin mamaki sai ya ji ƙasa tana zubowa kaɗan kaɗan daga inda azara ta shiga bango. Ya miƙa hannu ya yaye zanen.

Bangon ya yi baƙi ƙirin har ƙugu, yana naso. Ya sa yatsa ya danna, yatsan ya shige kamar cikin tuwo mai zafi.

Ya juyo ya ce, "Rifkatu, tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun bara."

"Wa ya matsar miki da gadon?"

"Ni ce. Kaɗan kaɗan nake turawa in ka tafi gona."

Ya dubi ƙafafun nan nata da ko tsayuwa ba sa iyawa, ya tuna nauyin gadon, ya ce, "Don me ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Baban Kyauta, shekara ashirin da biyu ina kallonka in hadari ya haɗu. Ka ajiye tuwo, ka fita, ka dawo jikinka na rawa. Ban san abin da ya same ka a can ba, ban kuwa tambaya ba. Amma tun ran da ka toshe rariyar nan na ga ana ruwa kana cin abinci. Sai na ce bari ni in haƙura da sanyin, kai ka sami sauƙi."

Ya juya mata baya ya durƙusa, ya ce, "Hau." Ya goya ta, ya fito da ita cikin ruwan nan yana takawa a hankali. Abin da ya fi sosa masa rai shi ne rashin nauyinta, ashe ta rame haka yana gidan bai sani ba. Ita kuwa ta riƙe wuyansa tana cewa, "Yi sannu, tsoho, kada mu zube mu biyu a sami abin faɗi a gari." Ya kai ta zaure ya zaunar da ita a kan gadonsa na hutawa, ya lulluɓe ta da bargo. Sa'an nan ya ɗauki dagi ya koma cikin ruwan.

Da ya isa kusurwar, ruwa ya kai masa gwiwa. Ya ɗaga dagin, hannun ya ƙi sauka. Ba rariyar gidansa yake gani ba, bakin kwalbatin nan yake gani, da ruwan ran nan, da Jatau a kwance. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a bakin dāga. Sai ya ɗaga kai, ruwa na dukan fuskarsa, ya ce, "Ya Ubangiji, na gaji da gadi. Na tsare gidan nan har na kusa kashe wadda nake tsarewa. Kai ka tsare mu." Ya sauke dagin da iyakar ƙarfinsa.

Simintin bai ba da kai da wuri ba, don soja ba ya aikin wasa, kuma ran da ya toshe ta bai yi rowar siminti ba. Ya yi ta sara har tafin hannunsa ya fashe. Can dutsen farko ya motsa, na biyu ya bi shi, sai ruwa ya ƙwace sauran da kansa, ya tunkuɗa waje da ƙugi yana jan ƙafafunsa. Saja ya tsaya da dagi a hannu yana haki, yana jiran abin da zai shigo. Ba abin da ya shigo. Ruwa ne kawai ke fita, da ƙaiƙayi da karare da wani tsohon takalmi, ya bazu cikin kunyoyin gero.

Yana nan tsaye sai ya ji motsi a bayansa. Bangon ɗakin Rifkatu ya sulale ya zauna, ba ma da wata babbar ƙara ba, azara ta biyo shi da ƙasar rufi duka, suka danne gadon da ya ɗauke ta a kai ɗazun nan.

Ya komo zaure jiƙe sharkaf, ya zauna a ƙasa wajen ƙafafunta, ya fashe da kuka kamar ba namiji ba. Ya gaya mata kome: kwalbatin, da yadda ya gani ya yi shiru, da Jatau. Ta bar shi ya yi kukansa har ya ƙoshi, hannunta a kan furfurarsa. Da ya lafa sai ta ce, "Ka gaya wa Ubangiji wannan?"

Ya ce, "Ai ya sani."

Ta ce, "Na san ya sani. Na ce ka gaya masa?"

Ya girgiza kai. Ta kama hannunsa mai jini ta ce, "To, mu gaya masa yanzu." Suka yi addu'a a zauren nan ana ruwa, shi yana faɗa, ita tana cewa amin.

Da kaka ta yi, Korau ya zo ya sāke gina ɗakin. Ya bar rariya a kusurwar, ya gicciya mata ƙarafa uku don hankalin abokinsa ya kwanta, bai kuwa ce masa ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Gidan nan zuciyar mutum ce da zamansa da iyalinsa. Kada wani ya fita daga nan ya ce Saja wawa ne, gama abin da ya faɗa gaskiya ne: Mugun ba ta ƙofa yake shigowa ba. Yakan nemi 'yar kafar da muka rena, ƙaramar ƙarya, ɗan kallo, ɗan abin da muka ce ba kome, ya yi ta jan ciki har ya sami wurin zama. Tsaro yana da kyau, iyaye kuma suna da gaskiya da suke lura da abin da ke shigowa gidajensu.

Amma ku duba da kyau, ba abokin gāba daga waje ya rushe ɗakin Rifkatu ba. Abin da ya sauka a cikin gidan ne ya rasa hanyar fita. Da yawa a cikinmu haka muke. Akwai mai laifin da ya yi tun yana saurayi, bai taɓa furta shi ba. Akwai wadda aka ɓata wa rai a wani biki shekara goma da suka wuce, har yau in ta ga mai laifin a wurin sujada sai ta sāke benci. Akwai wanda ya binne ɗa, ya share hawaye a ranar don a ce jarumi ne, bai sāke ambaton sunan yaron ba. Muna cewa ai ya wuce, ƙasa ta shanye. Bai wuce ba. Ya nutse ne, yana tafiya ta ƙarƙashi, yana fitowa a matsayin saurin fushi, da shiru mai nauyi, da zargin kowa. Abin baƙin cikin kuwa shi ne, bangon ba a kanmu yake fara faɗuwa ba. A kan wanda ya fi kusa da mu yake faɗuwa, matar da ke dafa mana, ko mijin da ke haƙuri da mu, ko 'ya'yan da suka koyi yin shiru in sun ji takunmu.

Rariyar ita ce hanyar da Allah cikin jinƙansa ya bar wa kowace zuciya: tuba, da furta laifi, da yafe wa juna, da kuka a gabansa ba kunya. Mai toshe ta yana tsammani ƙarfi yake nunawa, alhali tsoro ne ke riƙe da shi. Yesu Almasihu bai ce mu zama masu gadin kanmu har mu mutu a tsaye ba. Ya riga ya ɗauki laifin da muke ɓoyewa, yana jira ne kawai mu kawo masa. Kuma abin da muka sake masa ba ya lalacewa. Ruwan da ya kusa kashe Rifkatu, da ya sami hanya gero ya sha. Haka nan baƙin cikin da aka miƙa wa Ubangiji yakan zama abin da za ka ta'azantar da wani da shi gobe. Maganar Allah ma haka take shiga mutum, ba da hayaniya ba, Lahadi bayan Lahadi tana ratsawa, har wata rana a ga tsiro.

Ku kuma masu hali irin na Rifkatu, na san ƙauna ce ke sa ku rataye zane a kan ɓarna, kuna tura gado ku kaɗai don kada ran wani ya ɓaci. Allah yana ganin haƙurinku, ba zai manta ba. Amma shirun nan ya kusa barin Saja da gawar matarsa a kan ta abokinsa. Ku faɗa da taushi, ku faɗa da ladabi, amma ku faɗa. In kuwa Allah ya aiko muku da aboki irin Korau, mai gaya muku abin da ba ku so ku ji, kada ku ce masa sai kaka.

Saboda haka yau in an tashi kun koma gida, kada ku fara da duban sakata. Ku zauna kusa da wanda Allah ya haɗa ku zama da shi, ku dubi fuskarsa sosai, ku tambaye shi tun yaushe yake jin sanyi saboda ku bai faɗa ba. In ya ba ku amsa, kada ku kāre kanku. Ku saurara har ya gama, sa'an nan ku durƙusa tare.